Meteyo na hango ƙura tun tana Cadi, amma labarin ba ya isa lakwal

 

Yau maganar ƴan lakwal nake so mu yi, haɗe da maganar meteyo. Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, ai meteyo ta manoma ce da masu tuƙin jirgin sama. To wannan tunanin shi ne abin da nake jayayya da shi.

Nijar ba ta rasa masana yanayi ba. A birnin Yamai kaɗai akwai hukumar meteyo ta ƙasa, wato DMN. Akwai cibiyar AGRHYMET ta ƙungiyar CILSS, wadda aka kafa tun 1974. Akwai kuma ACMAD, cibiyar da ke yi ma Afirka gaba ɗaya aikin hasashen yanayi, tana zaune a Yamai tun 1992. Ƙasashe da yawa daga nan suke jiran labari. Muna da tashoshin awon yanayi a Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni, Magariya, Gure, Gaya, Agadas, Bilma da sauransu. Kullum ana auna iska, ana auna zafi da sanyi, ana auna nisan da ido ke iya gani. Matuƙin jirgin da zai sauka a filin Diori Hamani ba ya tasowa sai ya san halin da sararin Yamai ke ciki. Amma daraktan lakwal da aka damƙa ma ɗaruruwan yara, rabinsu cikin ajin zana, shi sai ya fito da safe ya ɗaga kai ya dubi sama kamar kowa. Wannan bai kamata ba, kuma gyaransa bai kai tsadar da ake zato ba.

Da damina kowa ya yarda yanayi na iya taɓa karatu. Mun gani a 2024, lokacin da ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda azuzuwa sun rushe, wasu kuma mutanen da ruwa ya kora ne ke kwana a ciki. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ba mu ɗauka da nauyi ba shi ne hunturu, alhali daga Nuwamba zuwa Maris nan ne tsakiyar shekarar karatu, nan ne yara suka fi cika aji. Muna kallon hunturu kamar abin kaushi da fashewar leɓe kawai, a shafa man kaɗe a wuce.

Mu tuna da ranar Litinin 8 ga Nuwamba 2021 a Maraɗi. Wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare, yara aƙalla 25 suka rasu, ƴan shekara biyar zuwa shida, aka yi zaman makoki na kwana uku a jihar. Wata bakwai kafin nan, ranar 13 ga Afrilu, a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu ta hanya iri ɗaya. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Bayan gobarar Maraɗi majalisar ministoci ta hana sa ƴan jardin cikin ajin zana a duk faɗin ƙasa. Mataki ne mai kyau, amma a lokacin hukumomi da kansu suna maganar azuzuwan zana wajen 36,000 a Nijar, kuma duk wanda ke zagayawa ya san har yau ba su ƙare ba. Ɗan CI da ɗan CP, waɗanda ba su fi ɗan jardin da komai ba sai shekara ɗaya ko biyu, suna nan zaune cikin kara.

Ba cewa nake hasashen yanayi zai hana ashana kamawa ba. Abin da nake cewa shi ne, wutar da za ta tsaya a gefen zana har a kawo bokitin ruwa, da wutar da za ta cinye aji uku kafin malami ya ƙirga yaransa, bambancinsu abu biyu ne: bushewar iska da ƙarfinta. Duka biyun kuma meteyo na iya hango su tun jiya. Da hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 15 cikin 100 da rana, kara ya bushe ƙamas, ya zama kamar an zuba mishi fetur. Sannan ga wani abu da masana suka daɗe da sani, wanda mu ma in mun lura za mu gani. Da dare iskar hunturu mai ƙarfi tana gudu ne can sama, ƙasa kuma lif. Sai rana ta fito ta ɗumama ƙasa, iskar nan ta sauko. Shi ya sa za ka tashi da asuba shiru, amma wajen ƙarfe tara zuwa sha ɗaya iska ta taso tana kwasar leda da yashi. To ku duba agogo. Wannan shi ne daidai lokacin rekreyasiyo, lokacin da mai ƙosai da mai awara suka hura murhunsu jikin katangar zana, lokacin da yaran da sanyi ya dama suke tara ƙirare su kunna don jin ɗumi. Duk daraktan da ya san gobe iska za ta yi ƙarfi, zai iya cewa gobe masu tuya su matsa nesa, su koma ɓangaren da iska ke dosa, kada wani yaro ya kunna komai cikin filin lakwal, kuma ƴan ƙananan aji su yi musanya da manya su shiga ajin gini. Wannan ko dala ba ya ci.

Na ce ɓangaren da iska ke dosa, domin iskar hunturu ba ta da ruɗu. Daga arewa maso gabas take zuwa, ko daga gabas. Saboda haka murhu da juji da duk wurin da ake ƙona shara bai kamata su kasance gabas ko arewa da rumfunan zana ba. Haka ma in ana kafa rumfunan bayan girbi, kada a jera su manne da juna bisa layin iska, kuma kowace a bar mata ƙofa biyu. Ƙofa ɗaya ƴar ƙarama, da yara sittin ko saba'in, da tebur a bakinta, kowa ya san ma'anar wannan in hayaƙi ya tashi.

Yanzu maganar ƙura, wadda ita ce ta fi sauƙin hange. Mafi yawan hazon da ke rufe mu da hunturu daga wuri guda yake tasowa, wani kwari da ake ce ma Bodele a arewacin Cadi, kudu maso yamma da Faya-Largeau. Tsohon gindin babban tafkin Cadi ne da ya ƙafe tun dubban shekaru, ƙasarsa fara ce mai laushi kamar gari. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar ruwan da aka matse a kwararo, ta fito da gudu ta ɗebi garin nan ta yi sama da shi. Masana na lissafa Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina tada ƙura a duniya. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ƙurar ba ta isowa nan take. Tauraron ɗan adam na ganin ta tun tana tashi, kuma tana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta rufe Difa, Damagaram, Maraɗi, ta gangara Kano da Katsina, ta kai Yamai. Akwai wata cibiya a Basalona ta ƙasar Sifen, ƙarƙashin hukumar yanayi ta duniya, wadda kullum take fitar da taswirar inda ƙura za ta bi har kwana uku gaba, kyauta a intanet, kuma yankinmu na ciki. Kenan safiyar da muka tashi muka tarar rana ta zama kamar farin faranti, muna cewa hazo ya sauko ba zato, akwai waɗanda suka san da zuwansa tun shekaranjiya.

Matsalar ita ce harshen da sanarwar ke zuwa da shi. Mu da muka yi lakwal da Faransanci ma sai mun natsu, balle uwar da ke Tibiri ko Matamai. Bari in ɗan warware kalmomin da aka fi ji. In an ce «brume sèche» ko «poussière en suspension», hazo ne, ƙurar da ta zo daga nesa tana rataye a sama ko da babu iska. Ita ce mai shiga ƙirji ba a sani ba. In an ce «chasse-sable» ko «vent de sable», iska ce ke kwasar yashi a nan inda kake, ita ce mai cika ido da tada wuta. «Tempête de sable» kuwa ita ce babbar, wadda ke rufe gari. «Visibilité» na nufin nisan da ido ke iya gani, kuma shi ne lambar da ya kamata malami ya riƙe: in an ce kilomita 5, ƙura ce ta yau da kullum, in ya sauko ƙasa da kilomita 1, rana ce da bai dace a sa yara gudu a fili ba. «Rafales» shi ne bugun iska na lokaci-lokaci wanda ya fi ƙarfin iskar da ke kaɗawa, kuma shi ke ɗage zana da kwano. In kun ji an ba da ƙarfin iska da «nœuds», ku ninka kusan sau biyu ku samu kilomita a awa. «Minimales» shi ne mafi ƙarancin zafi, wanda ake samu dab da fitowar rana, daidai lokacin da yaron ƙauye ya kama hanya da ƴar riga ɗaya.

Wani abin da mutane ke juyawa: ranar da hazo ya yi kauri, rana ba ta zafi, sai a ce yau ne sanyi. Amma asubar da ta fi cizo ita ce ta daren da sama ta washe, taurari suka fito tar, iska ta kwanta, domin ɗumin ƙasa na tserewa sama ba abin da ke tare shi. A nan kudu yakan sauko wajen digiri 12 zuwa 15 a Janairu, wasu ranaku ƙasa da haka. A Bilma da duwatsun Abzin yakan kusanci sifili. Bature zai yi dariya ya ce wannan ne sanyi? To shi yana da kwat da ɗaki mai ɗumi. Namu yaron yana zaune a ƙasa bisa buhu, zana na shigo da iska ta ko'ina, bai karya ba.

Kuma darakta ba sai yana da na'ura ba kafin ya tabbatar da abin da aka faɗa mishi. Masu awon yanayi kansu da ido suke auna nisan gani: suna da alamomi da suka san nisansu, su duba wanne ake gani wanne ya ɓace. Kowace lakwal za ta iya zaɓen nata, shato na ruwa, ko dogon ƙarfen kamfanin waya, ko hasumiyar masallacin Juma'a, a san wannan na da nisan kilomita 1, wancan 3. Ranar da shaton da ke kilomita 1 ya ɓace, an san inda aka kwana. Iska kuma ga tuta a tsakiyar fili. In ta miƙe tana kaɗawa, iska ta kai kilomita 12 zuwa 19 a awa. In takardu da ƙura na tashi daga ƙasa, ta shiga 20 zuwa 28. In ƙananan itatuwa na rangaji gaba ɗayansu, ta kai wajen 30 ko fiye. Ni da za a ji ta tawa, da an ba ƴan CM wannan aiki, kullum yaro biyu su duba su rubuta a kan allo. Darasin kimiyya ne da ya fi wanda ake haddacewa.

Wasu za su ce ai yanzu kowa na da meteyo a salularsa. Gaskiya ne, kuma ban raina ta ba. Amma a san irin abin da take. Lambar da wayarka ke nunawa ba wani ne ya auna ta a Tasawa ko Dakwaro ba. Lissafin kwamfuta ne na duniya gaba ɗaya, wanda ake yi a Turai ko Amurka, ya fi daidai inda tashoshin awo suka yi yawa, mu kuwa namu tsakaninsu da nisa. Wajen zafi da sanyi da alƙiblar iska takan yi kusa da gaskiya na kwana biyu zuwa uku. Abin da ta nuna na kwana goma kuwa, ka ɗauke shi hira. Da yawansu ma ba su san ƙura ba, za ka ga hoton rana tas alhali ba ka ganin gidan maƙwabcinka. Shi ya sa nake cewa waya ta zama mataimakiya, amma sanarwar da za a gina hukunci a kanta ta fito daga DMN, wadda ke da mutanen da suka san ƙasar kuma za a iya tambayarsu in sun faɗi abu.

Su ma masu cewa meteyo maƙaryata ne, sun ce za a yi kaza ba a yi ba, ina da magana da su. Hasashe ba alkawari ba ne, kuma gaibu na Allah ne, ba mai ja. Amma manomin da ya ga hadari ya haɗu a gabas ya kwashe hatsin da ya shanya, in ruwan bai zo ba me ya rasa? Ya sake shanyawa. In an ce gobe iska, aka matsar da murhu, aka ajiye ruwa, iskar ba ta zo ba, asarar ita ce mai ƙosai ta yi tafiyar taku talatin. Ku auna wannan da ɗaya gefen.

Sai sanƙarau, wanda shi kam ba na son a wuce shi da sauri. Muna tsakiyar yankin da cutar ta fi kamawa a Afirka, kuma lokacinta sananne ne: tana farawa da bushewar iska da ƙura, ta yi ƙarfi daga Fabrairu zuwa Afrilu ko Mayu, ta lafa in ruwa ya sauka. Ƙura da bushewa na raunana cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta samu hanyar shiga jini, cunkoso kuma ya taimaka mata ta bi daga wannan zuwa wancan. Ina cunkoson da ya fi na aji? A 2015 an lissafa mutum wajen 8,500 da suka kamu a Nijar, sama da 570 suka rasu, har sai da aka rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki a watan Afrilu don a yi rigakafi. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, hukumar lafiya ta duniya ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma yara da matasa ne suka fi yawa. ACMAD na fitar da sanarwa ta musamman a wannan lokaci, mai nuna yankunan da yanayinsu ya dace da ɓarkewar sanƙarau. Ma'aikatan lafiya na da nasu ma'auni: a yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, in an samu mutum 3 cikin 100,000 a mako guda an shiga faɗakarwa, in ya kai 10 annoba ce. Duk wannan na tafiya tsakanin ofis da ofis. Malamin da ke gaban yara, wanda shi ne zai fara ganin yaro ya kwantar da kai bisa tebur, shi ba a gaya mishi cewa makon nan gundumarsa ta shiga ja. Da ya sani, zazzaɓi mai zafi na farat ɗaya da ciwon kai da amai da wuyan da ya ƙi lanƙwasa ba zai ce ma yaro je gida ka kwanta ba. Zai aika a kira uwar, a wuce likita a ranar. A wannan cuta awanni ne ke raba mai rai da wanda aka rasa.

Mutanen Yamai kuma kada su manta kogin Kwara na cika sau biyu. Bayan cikar damina akwai ta biyu, ruwan da ya sauka a duwatsun Gine, ya yi jinkiri a fadamun Mali, ya iso Yamai tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ko gajimare babu. Ma'aunin Yamai na da matakai uku: santimita 530 rawaya, 580 ruwan lemo, 620 ja. Daraktan da lakwal ɗinsa ke Harobanda ko Saga ya kamata waɗannan lambobi uku su kasance manne a bangon ofishinsa.

To wa zai ɗauki labarin ya kai? A nan ne nake ganin gibin yake. A Faransa, bayan guguwar da ta yi musu ɓarna a Disamba 1999, sun gane cewa hasashen ya fita amma jama'a ba su fahimci nauyinsa ba. Sai a 2001 suka fito da taswira mai launi huɗu, kore, rawaya, ruwan lemo da ja, ana sabunta ta sau biyu a rana, kowane launi da abin da ake so mutum ya yi. Daga 2002 kuma aka wajabta ma kowace makaranta ta rubuta nata tsarin kare yara in wani bala'i ya taso, a riƙa gwada shi. In ƙanƙara ta sauko, prefe ne ke da ikon cewa motocin ɗaukar ƴan makaranta su tsaya. Na san a yanzu ambaton ƙasar nan ba ya ma wasu daɗi, amma dabara ba ta da fasfo. Mu ba ƙanƙara gare mu ba, ƙura da wuta da sanƙarau gare mu. Abin ɗauka a nan shi ne an san wanda ke yanke hukunci, an san a kan wace lamba, kuma an amince da haka tun kafin ranar ta zo.

Mu a nan tsarin da za a bi ma yana nan a shimfiɗe. Daga ministan ilimi zuwa daraktan ilimi na jiha, zuwa ansifekta, zuwa daraktan lakwal, duk suna da rukunin WhatsApp da ake tura takardun taro da jadawalin jarabawa. Abin da ya rage shi ne DMN ta riƙa fitar da ƴar gajeriyar sanarwa ta makarantu kowane yamma daga Nuwamba zuwa Mayu, layi huɗu ko biyar, jiha-jiha: gobe iska kaza, ƙura kaza, sanyin asuba kaza, launi kaza. A yi ta da murya, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajik da Barbarci, domin shugaban COGES da shugabar ƙungiyar iyaye mata ba lalle su karanta Faransanci ba, amma kowa na sauraren saƙon murya. In an ce ƙauye ba rezo, to akwai radiyo. Wannan ma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara shirin RANET daga ACMAD, wanda ke kai labarin yanayi ga radiyon karkara, aka soma da Bankilare. Mu ƴan radiyo abin da ke kanmu shi ne lokaci. Sanarwar da za ta amfani uwa ita ce wadda ta ji da dare kafin ta kwanta, da wadda ta ji da ƙarfe shida na safe tana shirya yaro, ba wadda aka karanta da rana tsaka bayan yaro ya riga ya sha ƙurarsa ba. Kuma a faɗe ta da maganar mutane: gobe a sa ma yara riga biyu, a rufe musu hanci da ƙyalle, mai asma ya tafi da maganinsa.

Sai dai akwai inda nake rabuwa da wasu abokaina da ke cewa in hazo ya yi yawa kawai a rufe lakwal. Ban yarda ba, sai in abin ya kai intaha. Shekarar karatun ɗan ajin zana ta riga ta guntule ta kai da ƙafa. Ba a kafa rumfa sai an yi girbi an samu kara, sau da yawa sai Nuwamba, kuma ruwan farko na sauka karatu ya watse. In muka ƙara da rufewa duk ranar ƙura, me ya rage? Sannan yaron da aka ce ya zauna gida ba cikin ɗaki zai zauna ba. Yana bakin titi, ko an ɗora mishi talla, ko an aike shi itace, cikin ƙurar dai. Yarinya kuwa in ta saba zama gida kwana uku, wani lokaci ba ta komawa. Tsakanin buɗewa kamar ba komai da rufewa gaba ɗaya akwai matakai da yawa. A jinkirta shiga aji da awa ɗaya a makon da sanyin asuba ya tsananta. A soke wasan motsa jiki da sharar fili ranar ƙura, domin sa yara shara cikin hazo ƙarin ƙura ne bisa ƙura. A taƙaita taron ɗaga tuta. A haɗa ƙananan yara cikin ajin gini ranar iska. Rufewa ta zama ta ranar ja, kuma prefe ko magajin gari ya sanar da ita tun dare, kada a bar darakta shi kaɗai yana tsoron in ya sallami yara ansifekta zai tuhume shi, in bai sallama ba iyaye za su tuhume shi. Wannan tsoron ne ke sa da yawansu su zaɓi yin shiru.

Duk abin nan zai shiga takarda shafi ɗaya. COGES ta zauna da darakta da malamai sau ɗaya a farkon hunturu, a rubuta wa ke sauraren sanarwa kowane dare, wa zai maye shi in ba ya nan, ina yara za su taru in wuta ta tashi, wane malami ke ƙirga wane aji, ina tulunan ruwa da bokitan yashi suke, lambar ƴan kwana-kwana 18 da lambar majo na likitar da ta fi kusa. Sai a gwada fita da gudu sau ɗaya a wata, a busa usur ba tare da an gaya ma yara ba, a duba minti nawa aka yi. Karo na farko za a ga ruɗani, wasu su koma ɗaukar jaka, wasu su yi ta ƙofar da ta toshe. Gara a gan shi ranar da babu wuta.

Kuma in za a tura sanarwar, kada a tsaya ga lakwal ta gwamnati. Makarantun allo na nan cike da yara, da yawansu sun zo ne bayan girbi daga ƙauyuka, suna kwana a zaure ko rumfar kara, suna karatun dare da na asuba a bakin wutar ƙirare, daidai lokacin da sanyi ya fi tsanani. Ba su cikin rukunin WhatsApp na ansifekta, ba su da COGES. Amma kowane malamin tsangaya na da radiyo, kuma kowace unguwa na da mai unguwa da liman da suka san inda kowace makaranta take. Saƙon muryar da zai je ma darakta, a tura ma su ma a daren.